A Auna Sabuwar Jami'a da Tafin Ƙafar Ɗalibi

Sa'ad da aka yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a watan Agustan 1991, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Yaron Gwandu ko na Kalgo da ya gama sakandare sai ya ɗaure akwatinsa ya nufi Sakkwato ko Zariya ko Kano. Sai a 2006 aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jiha a Aliero, wadda yanzu take amsa sunan Abdullahi Fodiyo. A 2013 kuma gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, lokaci guda da ta Gusau da ta Gashuwa. Ta Birnin Kebbin a Kalgo ta fara zaman wucin gadi, mazauninta na dindindin kuma yana Unguwar Jeji, kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Da ta Aliero da ta Birnin Kebbi duka ƙaruwa suke yi, kuma jami'ar da ke ƙaruwa ba ta rabuwa da zancen fili: ina za a sa tsangayar injiniya, ina za a kai ɗakunan kwana, ko kuwa a buɗe reshe a wani gari.

Shawarata ta yau ta waɗanda ake sakawa cikin kwamitin irin wannan aiki ce: farfesa da injiniya da ma'aji da magatakarda, da dattijon da aka ɗauko ya wakilci mutanen gari. Yawancinku ba ku taɓa tsara gari ba, alhali gari ne aka ɗora muku, mai tituna da ruwa da wuta da kasuwa, wanda zai rayu bayan an manta sunayenku.

Abin da zai fara ruɗinku shi ne yalwar fili. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta daɗe tana neman aƙalla hekta 100 daga masu son kafa jami'a mai zaman kanta, jami'o'in gwamnati kuwa sukan samu ninkin-ba-ninkin wannan. Mutum ya tsaya tsakiyar daji, ya duba gabas da yamma bai ga iyaka ba, sai hannunsa ya fara nuni: ofishin shugaba can bisa tudu, laburare nan, tsangayar injiniya can bakin iyaka don kada a ci mana fili. A takarda abin yana da kyan gani. Amma wanda ya yi nunin a mota mai sanyi zai riƙa yawo. Ɗalibi kuwa da ƙafa zai taka, ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wata shekarar ma yana azumi.

To ga ma'aunin da nake ba ku. Mutum mai lafiya yana cin kamar mita 80 a minti ɗaya. In tsakanin darasi da darasi minti 10 ne, iyakar abin da ɗalibi zai iya takawa mita 800 ne. Ku kafa turke a inda kuke so ya zama cibiyar jami'a, ku zana da'ira mai nisan mita 400 daga turken ta kowace fuska. Faɗin wannan da'ira kimanin hekta 50 ne, kuma ya isa ya ɗauki azuzuwa da laburare da ɗakunan gwaje-gwaje da masallaci da wurin cin abinci na dubban ɗalibai, in ana gina bene mai hawa biyu ko uku. Duk abin da ɗalibi ke zuwa kullum ya shiga cikin da'irar. Gonar gwaji, filin ƙwallo, gidajen ma'aikata da tashar wuta su zauna a waje.

Matse gine-gine wuri guda ba don ɗalibi kaɗai ba ne, har da aljihun jami'a. Duk mita ɗaya da kuka ƙara tsakanin gini da gini, kun ƙara mita ɗaya na kwalta, na bututun ruwa, na wayar wuta, na lambatu, na wayar intanet, kun kuma ƙara maigadi da fitilar titi. Masu zirga-zirga tsakanin tsohon mazaunin Jami'ar Bayero da sabon da ke hanyar Gwarzo sun san abin da raba jami'a biyu yake ci na mota da mai da lokaci. In dole ta sa aka riƙe wuri biyu, a mayar da tsangaya ɗungurungum, kada a bar ɗalibi yana darasin safe a nan, na rana a can. Iyaka kuma ba da gini ake tsaronta ba. A kafa turakun siminti na safiyo, a yi takardar mallaka, a dasa itatuwa layi-layi, a ja katanga gwargwadon hali.

Tun da zancen iyaka ya zo, ku tuna filin nan da kuke kira daji yana da masu shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, diyya kuma a kan amfanin gona da itatuwa da gini ake biyanta. Doka ke nan. Amma wanda ya gaji gona daga kakansa ba da sashen doka yake kwana ba. Kafin safiyo ya kafa na'urarsa, ku je gaban uban ƙasa da hakimai da masu unguwanni, kuma ku lura da lafazinku. "Ranka ya daɗe, mun zo neman shawara" daban take da "mun zo mu sanar da kai." Ku zaga iyakar da ƙafa tare da dattawa da ardon Fulani, su nuna muku maƙabarta da filin idi da mashaya da burtali. Burtalin da kuka toshe da katanga ba zai ɓace ba, shanu za su nemi hanya ta gonar wani, rigimar kuma a ƙofarku za ta kwana. A ƙirga kowace ɗorawa da kuka da mangwaro a gaban mai ita, a biya shi hannu da hannu. Filin da ba za ku taɓa ba nan da shekara goma, ku bar masu shi na da su ci gaba da noman gero da wake bisa yarjejeniyar da ake sabuntawa duk shekara, ban da gini. Manomin da ke cin amfanin wuri ya fi kowane maigadi sa ido a kansa.

Kada ku amince da filin da kuka gani a rani kaɗai. Ku koma a watan Agusta, bayan ruwan dare, ku ga inda ruwa ya kwanta da inda ya bi. Ƙasar Kalgo da Bunza maƙwabciyar fadamar Gulbin Kebbi ce, a wajen Gwandu kuwa ruwa yana gangarowa da ƙarfi daga tuddan marmara, yana yanka ƙorama inda babu ita bara. A watan Satumban 2010 ambaliya ta cinye gadar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, jami'a ta yanke daga gari. A 2020 kuma kowa ya ga abin da ruwa ya yi wa gonakin shinkafa da hanyoyi a nan Kebbi. Saboda haka jami'a ta samu hanyar shiga biyu da ba su ratsa kwalbati ɗaya ba. A nemi taswirar tudu da kwari kafin a zana komai, a bar wa ruwa hanyarsa ta asali, a mayar da kwarin lambu ko tafkin tara ruwa. A haƙa ramukan gwajin ƙasa a ƙarƙashin kowane babban gini. Laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani tana fasa bango cikin shekara biyu ko uku, gyaranta kuma ya fi gwajin tsada nesa ba kusa ba.

Ta fuskar ruwan sha Allah ya yi wa wannan yanki baiwa. Shimfiɗar yashi da laka ta ƙarƙashin ƙasa da masana suka raɗa wa sunan Gwandu ita ce mafi albarkar ruwa a duk kwarin Sakkwato, a wasu wurare masu kwari har ruwan kan taso da kansa in an huda. Duk da haka kada a dogara da labari. A haƙa rijiyar burtsatse ta gwaji, a ja ruwa ba tsayawa kwana ɗaya zuwa uku a ƙarshen rani, a ga yadda yake sauka da yadda yake dawowa, a kai shi ɗakin gwaji a duba ƙarfe da gishiri. Sannan a yi lissafi. In kun ɗauka kowane ɗalibi mai kwana a ciki zai ci lita 60 a yini, wanka da wanki da alwala da bayan gida, ɗalibai 5,000 suna buƙatar lita 300,000 kullum. Tanka 30 ke nan mai cin lita 10,000, abin da babu jami'ar da za ta iya saye kowace safiya. Rijiyoyi da babban tankin sama da bututu su riga ɗakunan kwana zuwa. Ruwan sama ma dukiya ne: a yankin da ke samun kusan milimita 800 a shekara, rufi mai faɗin murabba'in mita 1,000 yana zubar da lita kusan 800,000. A sa masa indararo da tanki, ko ba komai ya shayar da itatuwa.

Yanzu ga abin da ya raba jami'ar fasaha da sauran jami'o'i. Ɗalibin shari'a ko na tarihi zai iya karatu da allo da laburare. Ɗalibin injiniya kuwa sai ya riƙe ƙarfe, ya yi walda, ya kwance inji ya ɗaura, ya fasa bulon kankare a na'ura ya ga nauyin da ya ɗauka. Idan NUC da COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya, suka zo tantance kwas, ɗakunan injuna da na gwaje-gwaje suke shiga, ba su ba da maki don kyan ƙofar shiga. Amma sau nawa muka ga an gama ƙofa mai rawani da ofishin shugaba mai hawa biyar, injuna kuwa suna cikin akwatunansu a baranda, rana da ƙura suna cinsu, don ƙofar ɗakin da aka gina musu ta yi ƙanƙanta?

Maganin wannan shi ne a juya tsarin. Shugabannin sassa su fara kawo jerin injunan da za su saya, da tsawon kowanne da nauyinsa da irin wutar da yake ci, sannan mai zanen gini ya zana ɗakin a kansu. Ɗakin injuna a ƙasa yake zama, ba a bene ba, da rufi mai tsayin mita 6 ko fiye, da ƙofar da babbar mota za ta shiga da baya, da daɓe mai kauri, da wuta mai layi uku, da tagogi can sama don hayaƙin walda ya fita. Masu ƙara da girgiza a nisanta su daga ɗakin ma'aunai masu laushi da na kwamfuta, waɗannan kuma a rufe su ruf saboda ƙurar hunturu. A bayan kowane ɗaki a bar fili daidai girmansa, domin sashen da ya fara da ɗalibi 40 zai kai 200, kuma ƙara tsawon rumfa ya fi gina sabuwa sauƙi.

Ina kuma ba da shawarar a ba ɗakunan injuna ƙofarsu ta kansu kusa da titi. Jihar nan ta shinkafa ce, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga dubban injunan ban-ruwa a fadama, ga albasar Aliero da ke ruɓewa don rashin ma'ajiya mai kyau. Manomin da injinsa ya lalace ko maƙerin da ke son a yanka masa ƙarfe daidai awo ya iya shigowa ba tare da ya ratsa ɗakunan kwanan 'yan mata ba. Daga nan ɗalibi yake samun matsalar gaske da zai yi aikin kammala karatu a kanta, jami'a kuma ta samu ɗan kuɗin shiga.

Sai rana da iska. Gini dogo a shimfiɗa shi daga gabas zuwa yamma, wato dogayen bangayensa masu tagogi su fuskanci kudu da arewa, gajerun su karɓi ranar safe da ta la'asar. Bangon yamma shi ne maƙiyi, a sa masa matakala ko sito ko bayan gida, kada a sa masa aji. Wani abin da masu kwafo zane daga Turai ke mantawa shi ne, a inda muke, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da mu da tsakar rana, don haka tagar arewa ma tana son baranda ko rumfa. Aji ya samu taga a ɓangare biyu don iska ta ratsa. Guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, ita ce mai yaye kwano, saboda haka a ɗaure rufi da ƙarfe cikin kankare, a zagaye shi da bango. Ginin gilashi daga sama har ƙasa, a ganina, almubazzaranci ne a ƙasar nan: ranar da aka ɗauke wuta babu mai iya zama a ciki.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Dandaji da ke Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun gina masallaci da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon masallacin laburare, aka gama a 2018. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa da rufin kwano da aka ɗaga sama don zafi ya fice ta ƙarƙashinsa, ya kuma gina cibiyar koyon fasaha a Kudugu, a 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini. Jar ƙasa da marmara ba su yi mana ƙaranci ba. Jami'ar da ke koyar da injiniyan gini ta fi kowa cancantar ta gwada ko da gini ɗaya ta wannan hanya, ɗalibanta su auna zafin cikinsa su kwatanta da na bulon siminti. Jera gine-ginen kuma a yi shi yadda Bahaushe ke tsara gidansa, ɗakuna su kewaye tsakar gida suna yi wa juna inuwa, in iyali sun ƙaru a ja wani sashe a gefe.

Itatuwa kuwa a dasa su tun daminar farko, kafin ɗan kwangila ya sauke bulo. Ba a fafe gora ranar tafiya, maɗaci da tsamiya ba sa girma don an matsu. Dogon yaro yana saurin yin inuwa, a jera shi a hanyoyin ƙafa, a saka maɗaci a tsakani don gaba. Gawo da kuka da giginyar da aka tarar a wurin a shafa musu fenti, a rubuta cikin kwangila cewa wanda ya sare zai biya, domin mai tuƙa katafila ba ya tambaya. Kowane dashe ya samu kariya daga awaki da mai ba shi ruwa rani biyu.

Wuta ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya san halin da ake ciki. A 2019 aka ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara. Ko ba ku da kuɗin irinta yau, ku ware mata fili, hekta ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane megawat, kusa da taransifoma, kuma kusa da ruwa, don faifan da ƙurar hunturu ta rufe ba ya ba da wuta sai an wanke. Bututun da wayar wuta da ta intanet za su bi a binne su kafin a zuba kwalta.

Ɗakunan kwana maganar tsaro ce kafin ta zama ta jin daɗi. A watan Satumban 2023 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, wajen jami'a. Uba a Gwandu ko Dalijan ko Kambaza, kafin ya bar 'yarsa ta karanta injiniya, abin da zai fara tambaya shi ne inda za ta kwana. Ɗakunan mata su shiga zangon farko na gini, a cikin katanga, kusa da cibiya, a kan hanya mai fitila da jama'a, ba a ƙuryar daji ba da sunan sirri. A yawaita bayan gida da wurin wanki da shanya, a kuma gaya wa mai zane tun farko kada masai ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, don gyara wannan bayan an gama fasa daɓe ne. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta hanyar keken guragu a gine-ginen jama'a, kuma sakawa tun a zane kusan kyauta ne.

Ko kun so ko kun ƙi, gari zai tsiro a bakin ƙofarku: masu abinci, masu kabu-kabu da keke, masu hoto da buga takardu, masu gidajen haya. Ku zauna da ƙaramar hukuma da ma'aikatar filaye tun yanzu a yanka layuka a ƙetaren titi, a ware tasha da rumfunan kasuwa da hanyar ruwa, kafin kowa ya kafa inda ya ga dama.

Kuɗi kuma ba zai zo a dunƙule ba. Na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, yawanci gini-gini yake zuwa, kowanne da allon sunansa, titi da lambatu da bututu kuwa ba su da mai son a yanka musu ƙyalle. Saboda haka ku raba aikin zango-zango, kowane zango ya iya tsayawa da kansa ko da na gaba ya makara shekara biyar: ruwansa, wutarsa, hanyarsa, azuzuwansa, ɗakin injunansa. Kada a fara tushen gini goma da kuɗin uku. A kowane kasafi a ware kason gyara, a kuma zaɓi famfo da makulli da fanka irin waɗanda ake samun kayansu a kasuwar Birnin Kebbi ko Jega, ba wanda sai an aika Legas ba.

Shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar, gwamnoni ma suna sauyawa, kowane sabo kuma yakan zo da ginin da yake so a tuna shi da shi, da wurin da yake so a kafa shi. Don haka babban tsarin ya samu amincewar majalisar gudanarwa a rubuce, a kai kwafi NUC, a ajiye wani a laburare, a kafa babbar taswirarsa a inda ɗalibai da malamai ke wucewa. Duk wanda zai kauce masa, ko mai ba da gudummawa ne da ya zo da kuɗinsa, ya kawo dalili a rubuce gaban majalisa, sashen tsare-tsaren gine-gine ya faɗi abin da kaucewar za ta ci na titi da bututu da waya. Tsarin kansa a sake dubansa duk shekara biyar, da adadin ɗaliban da ke ƙasa a hannu, ba wanda aka yi hasashe ba.